Gidanmu na gado a ƙauye yana neman zubewa, kuɗin hannuna kuma ba yawa, ta ina zan fara?

Ɗan Inna:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema a wajen waɗanda suka san harkar gini, musamman wanda ya taɓa gyaran tsohon gidan ƙasa da hannunsa ko da aljihunsa.

Gidanmu ne na gado a wani ƙauye gabas da Ɗambatta, kakanmu ne ya gina shi, a ciki aka haifi mahaifinmu, mu ma duk nan aka binne cibiyarmu. Ginin tubali ne irin na da, in ka tsaya a bakin ƙofa za ka ga kaurin bangon ya haura kamu guda. Akwai zaure da 'yar shigifa, sai ɗakuna huɗu a cikin gida, uku soro ne rufin azara, ɗaya kuma Baba ya sa masa kwano tun muna firamare. Tun da Allah ya yi wa Baba rasuwa yau shekara shida ba wanda ya ƙara yi wa gidan yaɓe, kowa ya kama gabansa, ni ina koyarwa a Kano, yayanmu yana Legas, mata suna gidajen mazajensu, sai Inna kaɗai da autarmu da wata jikarta da take riƙo.

To daminar bana ce ta nuna mana inda muke. A ruwan Agusta katangar baya ta zube kusan rabi, Allah ya taƙaita da asuba ne ba kowa a wajen sai akuya ɗaya da ta danne. Da na je na tarar ɗakin Inna yana yoyo wuri uku, ta jera robobi da kwanuka a tsakar ɗaki, ta ja gadonta zuwa lungu ɗaya, kuma ba ta taɓa faɗa mini a waya ba wai kada ta ɗaga mini hankali. Indararon ɗakin ya karye tun bara ashe, ruwa bin bango yake yi har ya yi kwari. Gindin bangon ta waje ya zaizaye har hannu yana shiga. Ɗakin kwanon kuma gara ta cinye katakon, in iska ta taso sai ka ji rufin yana ɗagawa yana komawa. Zauren ma ya tsage daga sama ta gefen hagu. Wallahi tun da na dawo in hadari ya haɗu a nan Kano ba na iya runtsawa.

Na ce mata ta taho wajena ta ce sam, ita ba inda za ta, nan mijinta ya bar ta. Ni ma gaskiya ba na son gidan ya mutu a hannunmu.

Abin da nake da shi dubu ɗari takwas ne, adashi na ɗauka na haɗa da kuɗin rago biyu da na sayar, Yaya kuma ya ce zai turo wani abu amma bai faɗi nawa ba. Na kai wani birkila ya duba, ko zagayawa bai gama yi ba ya ce a rushe gaba ɗaya a tada na bulo, lissafin da ya yi mini ko shekara biyar na yi ina tarawa ba zan haɗa ba. Wani abokina kuma ya ce kawai in sayi siminti a yi wa bangon filasta ciki da waje a sa kwano shikenan. Wanne ne daidai? Gidan nan zai gyaru ko ɓarnar kuɗi zan yi? In zai gyaru me zan fara da shi, me zan bari sai baɗi? Allah ya saka da alheri.

Abban Walid:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya ƙara wa Inna lafiya. Malam ni dai ba magini ba ne amma zan faɗa maka abin da ke raina, rai ya fi gida. Duk damina sai mun ji a rediyo gini ya faɗo wa mutane cikin dare, yawanci kuma irin waɗannan tsofaffin sorayen ne da suka sha ruwa. A unguwarmu ta gida an taɓa yi, mata da 'ya'yanta biyu, na ga lokacin da ake tono su, har yau abin bai bar idona ba.

Da ni ne, dubu ɗari takwas ɗin nan ba zan watsa ta a gida duka ba, wuri zan samu a tsakar gidan in tayar wa Inna ɗaki ɗaya na bulo ko da shabiyu-shabiyu ne, in rufa kwano, ta koma ciki kafin ruwa ya sauka, sauran kuma a bi su a hankali. Ginin ƙasa kullum cikin hidima yake, bana ka gyara baɗi ka gyara, kai kuma ba a garin kake ba, wa zai riƙa hawa yana dubawa? Abin da ya sa ya lalace tun farko kenan ai. Ka yi tunani a kan wannan.

Jikan Magina:

Salamu alaikum. Malam Ɗan Inna sannu da ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Ni sana'ar gidanmu ce, kakana da mahaifina maginan ƙasa ne a ƙasar Zazzau, ni kuma na yi na ƙasar na yi na bulon, don haka ba ɗaya nake karewa ba. Maganar Abban Walid ta tsoron rai gaskiya ce ba a wasa da ita, amma kafin a yanke wa gida hukunci sai an duba shi tukuna, birkilan da ya ce a rushe bai gama zagayawa ba, aikin bulo ya sani shi kuma yake nema.

Ga yadda za ka duba da kanka. Ka tsaya a kusurwar kowane ɗaki ka kalli bangon ta gefe, in a miƙe yake to da sauran ransa, in ya yi ciki ko ya karkata waje ko ya rabu da ɗan'uwansa a kusurwa har kana hango haske, wannan bangon sauke shi za a yi ba gyara ba, kuma kada kowa ya ƙara kwana a ƙarƙashinsa daga yau. Sai ka samu doguwar ƙusa ko rodi ka soka a gindin bangon, in bayan yatsa biyu uku ka ji tauri to fatar ce kawai ta tafi, in kuwa ya lume kamar cikin tuwo to ruwa ya ci cikinsa. Tsagewar zauren kuma ka cike ta da kwaɓaɓɓiyar ƙasa ka bar ta sati biyu zuwa uku, in ba ta sake buɗewa ba tsohuwar tsaga ce ta tsaya, in ta buɗe to bangon tafiya yake yi. Azara ma haka, ka shiga ɗaki da tocila ka bubbuga kowace da bayan adda, mai lafiya ƙara take yi, wadda ta ruɓe sai ka ji luf, kuma yawanci daga kai take ruɓewa inda ta shiga bango, nan za ka fi dubawa.

Daga bayaninka ni abin da na gani ba tsufa ne ya kama gidanku ba, ruwa ne, shekara shida ba yaɓe ga indararo a karye. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani, shahararren maginin Zazzau, ya gina tun wajen 1830 da wani abu, har yau bakunansa na ƙasa suna nan a ciki tsaye, Gidan Makama yana nan kusa da kai a Kano ka je ka gani. Ƙasa ba ta gajiya in dai an raba ta da ruwa ta sama da ta gindi. Saboda haka kuɗinka sama za su fara zuwa, sannan gindi, jikin bango shi ne na ƙarshe, fenti da tayil kuwa ka cire su daga lissafin bana kwata-kwata.

Batun filasta da abokinka ya faɗa, dan girman Allah kada ka yi. Wannan shi ne abin da ya fi kashe gidajen ƙasa a ƙauyukanmu, mutum ya samu kuɗi ya lulluɓe bango da siminti yana ganin ya yi wa gida gata. Siminti da ƙasa ba sa riƙe juna, ƙasa tana kumbura da damina ta tsuke da rani, siminti kuma ba ya motsi, shekara ɗaya biyu sai ya saki, in ka buga ka ji yana ƙara kamar ganga. Daga nan ya yi 'yar tsaga, ruwa ya shiga ta baya, kuma ba shi da hanyar fita tunda an toshe inda bangon yake shan iska, sai cikin ya yi ta jiƙa kai kana ganin waje fes, gara ma ta samu hanya a ɓoye. Ranar da zai tafi da bangon zai tafi. Na sauke irin wannan ba sau ɗaya ba, ka ɓamɓare filasta ka tarar da taɓo a baya a tsakiyar rani.

Inda siminti yake da amfani shi ne wajen gindin bango. Bayan an cike zaizayar gindin da ƙasa mai kyau an bar ta ta bushe sarai, sai a zagaye ɗakunan da dakali, jeri biyu na bulo ko dutse in akwai a kusa, a cika a shafe samansa ya ɗan gangara waje, yadda ruwan da ya zubo ba zai fallatsa a bango ba kuma ba zai kwanta a gindi ba. Ka kuma duba inda ruwan tsakar gida yake bi, in rariya ta toshe a buɗe, a yi ciko ƙasa ta gangara nesa da ɗakuna. Wannan aikin kwana biyu ne da shebur da baro, amma ya fi buhu ashirin na filasta.

Saman soron kuma, a kankare tsohon yaɓen da ya mutu, in akwai azarar da ta ruɓe a buɗe wajen a canza ta, a mayar da asabari ko zana, a zuba ƙasa a daɓe da gangara zuwa bakin indararo. Indararo ka sa dogo wanda zai jefa ruwa nesa, ko guntun fayif mai faɗi ya yi, a ɗaure bakinsa sosai don daga nan yoyo yake farawa. Sai yaɓen ƙarshe da makuba, ɓawon ɗorawa ne ake jiƙawa a kwaɓa da ruwansa, shi ke sa ruwa ya zame. Iyayenmu laso suke yi wa na masu hali, katsin marina da gashin jima da dafara, ya fi makuba daɗewa nesa ba kusa ba, amma yanzu haɗa kayan da samun wanda ya iya wahala ne, ka tsaya a makuba.

Katangar da ta zube kada ka bari a kwashe ƙasarta a zubar, ita ce jarinka. Tsohuwar ƙasar gini ta fi sabuwa, a farfasa ta a jiƙa a zuba ciyawa ko ƙaiƙayi a tattake, a bar ta ta kwana biyu uku ta tsumu ana juyawa, sannan a yi tubali da ita. A ɗora kaɗan-kaɗan ana bari yana shan iska, magini mai gaggawa shi ke kawo tsaga.

Ɗakin bulo da Abban Walid ya ce, shabiyu-shabiyu zai ci bulo wajen 400, ga yashi ga rodi ga katako ga kwano ga ƙofa da taga ga kuɗin aiki, tun da siminti ya haura dubu goma a farkon 2024 lissafin nan ya canza. Kuɗinka za su iya ƙarewa ɗakin bai kai linta da rufi ba, ga sauran gida yana ci gaba da narkewa, ka ga an yi biyu babu.

Ɗan Inna:

Kai Malam Jikan Magina Allah ya biya ka, wallahi kamar ka je gidan. Filastar nan saura kaɗan in yi, har na tambayi kuɗin yashi. Da na tuna, maƙwabcinmu ya yi wa nasa shekarun baya kuma na ga duk ta ɓamɓare ta gefen gabas inda ruwa yake bugawa. Ranar Juma'a in an tashi makaranta zan tafi in yi gwajin ƙusar da na azarar. Abban Walid kai ma na gode, maganarka ta sa na kira autarmu yanzu na ce su koma ɗakin tsakiya su kwana har in zo, shi ne bai taɓa yoyo ba.

Tambaya ta biyu, in na ce zan ɗora kwano a kan soron Inna gaba ɗaya don in huta da yaɓen kowace shekara fa? Sannan garar nan me ake mata?

Maman Husna:

Salam. Ƙanina ni ban san gini ba amma akwai abu biyu da ban ga an taɓo ba kuma mu sun ƙone mu.

Ka ce gidan gado ne, to an raba ko ba a raba ba? In ba a raba ba kada ka sa ko ƙusa ɗaya sai kun zauna. Mu haka ƙaninmu ya kashe kuɗinsa ya gyara gidan mahaifinmu da zuciya ɗaya, shekara uku bayan nan aka tashi rabo, aka yi wa gidan kuɗi yadda yake a gyare, shi ya ce a cire masa abin da ya kashe wasu suka ce ai ba wanda ya sa shi, sadaka ya yi. Ba rubutu ba shaida. Yau shekara nawa wasu ba sa gaisawa, 'yan uwa ciki ɗaya. Ba wai ina cewa naku haka suke ba, amma bayan ku akwai 'ya'ya akwai mazajen ƙannenku akwai masu zuga. Inna tana da tumuninta a gidan nan, matan ma kowacce tana da rabonta, ba na maza ba ne kaɗai. Ka kira Yaya da su duka ko a waya ne, ku yi magana ɗaya, kyauta kake yi ko bashi ne a kan gida, a rubuta a gaban mai unguwa da liman kowa ya sa hannu, ka ɗauki hoton gidan yadda yake yanzu, ka riƙa ajiye rasit. Ba rashin yarda ba ne, addini ma cewa ya yi a rubuta. Kuma za ka sha mamaki, in ka sa su a ciki matan nan za su kawo nasu, wata buhun siminti wata abincin ma'aikata, amma in suka ji daga sama an fara aiki sai su ga an mayar da su bare.

Na biyu, ka zauna da Inna ka tambaye ta me ya fi damunta. Ku maza zaure kuke fara gani saboda shi mutane ke kallo, ita kuwa wataƙila banɗaki ne da madafa. Tsohuwa ce, ka duba bakin masai ɗin ko ya zaizaye, irin na da da aka rufe da itace da ƙasa yana ruftawa da mutum, silab ɗin siminti ƙarami ba wani kuɗi ba ne. In sabo za a haƙa a nisanta shi da rijiya, ma'aikatan lafiya mita 30 suke cewa. Ruwan wanka ma ka bi shi ka ga inda yake zuwa, sau da yawa shi ke cin katangar baya a hankali, ba mamaki ta wajen taku ta fara zubewa. Ka yi mata 'yar rumfa a madafa yadda za ta yi girki da damina ba a jiƙe ba, dokin ƙofa in ya yi tsawo a rage mata saboda gwiwa, sannan ƙaramar sola mai ƙwai uku da wajen cajin waya, ta daina yawo da tocila cikin dare. Waɗannan su za ta riƙa sa maka albarka a kai kullum.

Ba'adare:

Assalamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, daga jihar Tawa nike. Wanga zance ya taɓa ni don bara waccan munka gyara na tsohonmu. Abin da magini ya faɗi haka yake, nan wajenmu ma waɗanda sunka shafa siminti kai tsaye bisa banko, ginin ƙasa kenan, duk ya zubo. Wanda ya matsa sai ya yi, sai an kafa ƙusoshi an ja ragar waya tukuna, kuma a yi shi gefen da ruwa ka bugu kawai, wato gabas, sauran a bar su su sha iska. Shi ma ba na har abada ba ne.

Batun tol, kwano kenan, mu abin da munka yi shi ne ba mu sauke rufin ƙasar ba tunda itacen na da lafiya, sai munka ɗora tol bisa da 'yar tazara tsakani iska na wucewa. Ɗakin na nan da sanyinshi na soro, ruwa kuma bai taɓa ƙasar. Wanda ya sauke soro ya sa tol tsirara, watan Afrilu tsohuwa ba ta iya zama ciki da rana, sai ka koma sayen silin, kuɗi biyu kenan.

Kuma ka nemi tsoffin maginan garinku tun suna raye. Masallacin Yama da ke nan ƙasarmu, Falke Barmu ya fara gina shi 1962 da ƙasa, mutanen gari sunka kama mashi, har ya samu kyautar gine-gine ta Aga Khan 1986, manomi ne magini ba injiniya ba. A Dandaji ma tsohon masallacin ba a rushe shi ba, gyara shi anka yi ya koma ɗakin karatu. Mu gayya munka kira ranar kwaɓa da ranar ɗora ƙasa bisa, munka yi tuwo da fura da goro, samari sunka zo da yawa, magini da yaranshi biyu kaɗai munka biya. Amma ka yi shi da an gama kaka, kafin samari su tafi cin rani kuma tabki bai ƙafe ba, in ka bari sai bazara ruwan kwaɓa ma sayen shi za ka yi. Allah shi taimaka.

Jikan Magina:

Ba'adare ya riga ni, yadda suka yi shi ne daidai in azarar ta ci gwaji. Sai dai abu biyu, nauyi da iska. Kada a kafa ƙafafun katakon a tsakiyar rufin, a kan bango za su zauna. Kuma kwano a kan ginin ƙasa ɗauri yake so, ƙusa ba ta riƙe ƙasa, sai an huda bangon kamar kamu biyu ƙasa da samansa an zura waya mai kauri ko langa-langa an ɗaure katakon da shi, in ba haka ba iskar farkon damina za ta ɗauke shi ta kai gonar wani. A bar leɓen kwanon ya fito sosai kamar ƙafa biyu, kafinta zai so ya rage don a yi tsimin falle, kada ka yarda, wannan leɓen shi ne rigar bangon. Bandir ɗaya falle 20 ne, ka sa a auna a faɗa maka falle nawa kafin ka je kasuwa. Kada ka sayi mafi araha mai kamar takarda. Ka leƙa Kofar Ruwa, ana samun kwano da ƙofofi da tagogin ƙarfe na hannu waɗanda aka ciro daga rusau, ka ɗaga kowane falle ka kalli rana ta cikinsa, hujin ƙusa ana toshewa amma mai tsatsa a kwari ka bar shi. Tsohon silin na asbestos ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, ƙurarsa tana illa ga huhu. Katako kuma Na'ibawa, ka je da kafintan da ka yarda da shi ya zaɓi busasshe.

Shawarata bana ɗakin Inna kawai za a yi wa wannan, sai ɗakin kwanon a canza masa katako a mayar da kwanonsa in bai huje ba, sauran soraye biyun da zaure makuba ta ishe su.

Gara kuma daga ƙasa take zuwa, ka bi hanyarta, sau da yawa akwai shuri a bayan gida ko ƙarƙashin tsohon rumbu, a tone shi har a ciro uwar. A kwashe itacen girki da kara da duk wani tarkace daga jikin bango. Sabon katako a shafe shi da baƙin mai ko maganin katako kafin a hau da shi, musamman kawunan da aka yanka. Azara in za ka saya ka nemi ta namijin giginya, baƙa mai nauyi, ita gara ba ta cika damunta ba, fara-farar nan mai taushi ta tsakiyar itace ce ba ta daɗewa. Dan Allah kada wani ya ba ka shawarar sa ƙwayar maganin hatsi a ɗaki a rufe, tana kashe mutane.

Maganar Abban Walid ta wa zai riƙa dubawa ita ce gaskiyar da ba a tsallakewa. Ka samu mutum ɗaya a garin ku yi yarjejeniya, duk shekara kafin ruwan farko ya hau ya share saman ya buɗe indararo ya toshe tsaga, ka ware masa wani abu. Kuma kada ka ba magini kuɗin aiki duka a hannu, ku yi jinga ɗaki-ɗaki, kaya kuma kai za ka saya. Ka ɓoye kamar dubu ɗari kada ka faɗa wa kowa, tsohon gida sai an buɗe ake ganin sauran ciwon.

Ɗan Inna:

Jama'a na je na dawo jiya da daddare. Bangon ɗakunan huɗu duk a miƙe suke alhamdulillah, ƙusa ba ta wuce yatsa uku ba sai a bayan ɗakin Inna daidai inda indararon ya karye, nan ta shiga sosai, wani tsohon magini abokin Baba da na samu ya ce za a ɓare wajen a sake ɗaurawa ba sai an sauke bangon ba. Azara biyar ce ta mutu a ɗakinta, sauran suna ƙara. Na cike tsagar zauren na ce wa autarmu ta riƙa ɗauko mini hoto duk Juma'a. Shurin gara kuwa yana nan ƙarƙashin tsohon rumbun Baba kamar yadda aka faɗa.

Anti Maman Husna, na tambayi Inna, kafin in rufe baki ta ce masai, ashe tun damina take tsoron shiga, gidan maƙwabta suke zuwa da safe. Katangar ma daga wajen rariyar wanka ta fara. Mun yi waya da Yaya da matan duka, sun ce a rubuta, ranar sunan ɗan ƙanwarmu sati mai zuwa kowa zai zo za mu zauna da mai unguwa, babbar yayarmu ta ce ita za ta ɗauki abincin gayya.

Abin da ya rage ban sani ba shi ne makuba, tsohon ya ce ɗorawar garin duk an sare, sai dai a nemo a kasuwa. Malam Jikan Magina, kamar buhu nawa zai ishi soro biyu da zaure, kuma a wajen masu daddawa zan tambaya ko ina?